Wankan Jego a Riyad da Mutanen Filifin

Daga Funtua zuwa Kano

Ba a kira assalatu ba muka fara fitar da kaya ƙofar gida. Ga wanda bai san ni ba, sunana Rabi, ungozoma ce ni a ɗaya daga asibitocin garinmu Funtua, kuma na daɗe a ɗakin haihuwa har yaran da na karɓa da hannuna sun fara dawo min da nasu cikin. Abin da ya tayar da ni tafiya shi ne 'yata ta uku, Nafisa, wadda ke aure a birnin Riyad na ƙasar Saudiyya. Mijinta Auwalu akanta ne a wani kamfanin gine-gine. Cikin fari ne da ita, kuma da komai ya tafi yadda muka saba, gida za ta zo ta haihu a gabana. To likitarta ta hana ta hawa jirgi, saboda ƙafafunta sun kumbura, jininta kuma yana ɗan hawa. Sai Auwalu ya nema min bizar ziyara, aka ce tunda mai jegon ba za ta zo ba, mai wankan ta je.

Maigidana Malam Ɗahiru ya tsaya da tocila a hannu yana haska jakunkunan. Ɗaya ce ta tufafina, ita ce ma ƙarama. Sauran biyun gero ne surfaffe, da kanwa, da yajin jego, da daddawa, da kuka, da dambun nama.

"Yanzu Hajiya, ƙasar da ake zuwa sayayya ita za ki kai wa kanwa?" in ji shi.

"Malam, tun da kake ka taɓa ganin alhajin da ya yo tsarabar kanwa?"

Ya yi dariya, ya yi min addu'a, na shiga motar Sale, wani direban unguwarmu da muka ɗauka shata. A Bakori muka yi sallar asuba, gari ya waye mana a Malumfashi. A shingen da ke mararrabar Dayi wani ɗan sanda ya leƙo ta taga.

"Hajiya ina zuwa da sassafe haka?"

"Wankan jego, ɗana."

"A Gwarzo ko Kano?"

"A Riyad."

Ya dubi Sale, ya dube ni, ya ce lallai ruwan wankan nan zai yi tsada. Ya ɗaga mana hannu muka wuce. Da hantsi muka shiga Kano.

Filin jirgi

A wurin binciken kaya wata jami'a ta buɗe jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Ta kwance ƙullin yajin ta yi atishawa, ta sinsina kanwar, sannan ta tambaye ni ko wani ya ba ni saƙo in kai. Na ce ko allura ban karɓa ba, surukina ya ja min kunne tun ta waya. Ta ce haka ake so, ta yi min fatan a sauka lafiya, ni da mai cikin.

Jirginmu ya yada zango a Adis Ababa, inda muka yi dogon zaman jira a kan kujerun ƙarfe, sannan muka canza wani. Gari na shirin wayewa muka sauka Riyad. Na taɓa zuwa aikin hajji, saboda haka na ɗauka na san ƙasar, ashe Jidda da Makka da Madina kawai na sani. Nan babu mai harami, babu mai jagorantar ayari, kowa ta kansa yake yi. Wani jirgi ya sauka tare da namu, sai ga jerin mata gajeru masu fara'a, suna ta hira da wani yare mai sauri. Na tambayi wani Bakano da ke bayana ko 'yan Sin ne. Ya ce a'a, 'yan Filifin ne, zan gan su har in gaji.

Kanwata ta sake tsayar da ni a wurin jami'an kwastan. Wani saurayi Balarabe ya juya ta a hannu, ya sa ta a wata na'ura, ya tambaye ni da Turanci ko mece ce. Na ce gishirin kunu ne na matar da ta haihu. Na'urar dai ba ta ƙaryata ni ba, ya mayar min ya ce in wuce.

Suwaidi

Auwalu na jirana a waje. Ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a ya gaishe ni, Larabawa na kallonsa. Tare yake da wani dattijo siriri mai furfura a gemu, Mahaman, mutumin Maraɗi, direba a kamfaninsu, wanda shekarunsa a ƙasar sun fi shekarun Nafisa a duniya.

"Sannu da tahiya, Hajiya. Kun zo lahiya? Ɗiyarki tun jiya ba ta zamna ba."

Gidansu yana unguwar Suwaidi, a yammacin birnin, unguwa ce cunkus da benaye da kantuna. Hawa na biyu suke. Da Nafisa ta buɗe ƙofa na manta da duk kunyar da ake cewa uwa ta yi, na rungume ta. Kafin in zauna na danna ƙafarta da babban yatsa, na ja fatar idonta na duba.

"Umma, ki sha ruwa tukuna mana, nan ba asibitinku ba ne," in ji ta.

Muka karya da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis, da dafaffen wake da man zaitun. Bayan na huta na zaga gidan ina neman inda za a dafa ruwan wanka. Babu tsakar gida, babu murhu, babu itace, maƙwabta ma sai dai ka ji ƙarar rufe ƙofarsu. Nafisa ta kai ni banɗaki ta nuna min wani farin tulu a maƙale a bango, ta murɗa famfo, ruwa ya fito yana tururi. Na sa hannu na janye da sauri. Na ce to, wannan zai yi, saura ganye da babbar roba.

Kasuwar Utaiƙa

Ran Talatar da ta biyo baya Mahaman ya kai ni kasuwar Utaiƙa, a wata tsohuwar unguwa kudu da tsakiyar gari. Dabino kala-kala jibge kamar yadda ake jibge masara a kasuwar Dandume, ga kayan miya, ga ayaba a kwalaye. Mahaman ya nuna min rubutun jikin kwalin ya ce daga Filifin ake kawo ta. Ganyen darbejiya dai ba mu samu ba, amma wani tsoho mai kayan ƙamshi ya auna mana busasshen ganyen magarya. Ina cikin taya wata ƙatuwar roba, ni da Hausa mai kaya da Larabci, Mahaman na tsakiya yana sasanta mu, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya sa ta a aljihu.

"Hajiya, aje robar nan. Auwalu ne. Faya ta hwashe, sun wuce asibiti."

A lissafina da sauran mako biyu. Ban san lokacin da na isa mota ba.

Asibiti

Asibitin na kuɗi ne, ba shi da nisa da gidansu. A ƙofar ɗakin haihuwa wata ma'aikaciyar jinya ta tare ni, gajera kakkaura, gashinta da ya leƙo ta ƙarƙashin hula ya fara fari. Sunanta Maritas, 'yar Filifin, ita ce babbar sista a ɗakin. Da Turanci muka yi duk maganar da zan kawo a nan. Ta ce ana barin mutum ɗaya ya shiga ya gaisa ya fito.

Na shiga. Nafisa na kwance tana cije leɓe. Hannuna da kansa ya tafi kan cikin, na laluba kwanciyar ɗan, na tsaya ina jin yadda naƙudar ke tasowa tana sauka. Da na ɗago sai na ga Sista Maritas tana kallon hannuna.

"Mama, aikinki ne wannan ko?"

"Tun kafin a haifi wannan da ke kwance."

Ta fita ta yi magana da likitar, wata 'yar Sudan doguwa, ta dawo da riga da hula da takunkumi. Ta ce, "Ki tsaya wajen kanta. Yau ke uwa ce, ni ce ungozoma. Mun yarda?" Na ce mun yarda.

Ban taɓa sanin tsayuwa wajen kai ta fi tsayuwa wajen ƙafa wuya ba sai ran nan. Ina yi wa Nafisa addu'a a kunne, Maritas na ce mata ta yi nishi da Turanci, da Larabci, har da yarensu in abin ya yi zafi. Ana kiran azahar yaro ya faɗo, namiji, ya canyara kuka. Na yi hamdala. Mabiyiya ta fito. Sai kuma jini ya biyo baya, ya ƙi tsayawa.

Wanda bai san aikin ba zai iya tsayawa yana murnar jariri. Ni na san abin da nake gani, na kuma san matan da na rasa a kan irin wannan gadon. Maritas ta danna mahaifar tana murzawa, ta kira likita da murya ɗaya, aka ƙara ruwa, aka yi allurai. Fuskar Nafisa ta yi fari fat. Da suka tura gadon zuwa tiyata na bi su, Maritas ta juyo ta dafa ƙirjina.

"Nan za ki tsaya. Ina tare da ita, ba zan matsa ba."

Na zauna a kan benci kusa da Auwalu, wanda ko kallona ya kasa yi. Bayan wani lokaci da ban san tsawonsa ba, likitar ta fito ta ce sun tsayar da jinin, ba a cire mahaifa ba, amma ta zubar da yawa. An ƙara mata abin da ke ajiye na irin nata, ana bukatar ƙari, kuma a kawo masu bayarwa yau ɗin nan. Aka gwada Auwalu, nasa bai dace ba. Ni aka ce shekaruna da hawan jinina sun hana. Mahaman ya naɗe hannun riga aka ɗiba, leda ɗaya ke nan. Auwalu ya yi ta kiran abokansa, to yawancinsu suna wurin gini a bayan gari, kuma mai aiki a ƙarƙashin kafili, wato ubangidan da ya ɗauko shi, ba ya ajiye aiki da tsakar rana don an kira shi a waya.

Maritas ta fito ta same mu a haka. Ta ji bayani, ta ciro wayarta ta yi magana a ciki da yarensu, gajeriyar magana, ta mayar aljihu.

"Na faɗa wa mutanenmu. Ku ci abinci, za su zo."

Ba a yi la'asar ba sai ga maza huɗu sun shigo a jere, uku da shuɗin kayan aiki duk baƙin mai, ɗaya da farar rigar masu dafa abinci. Babu wanda ya tambayi wace ce marar lafiyar. Na gaba ya ce min, "Assalamu alaikum, Nanay," suka wuce ɗakin ɗibar jini. Daga baya na ji Nanay uwa ke nan da yarensu. Biyu daga cikinsu jininsu ya dace, sauran biyun ma aka ɗiba aka ajiye wa wasu. Suka sha lemon kwali a tsaye, suka ce aiki na jira, suka tafi. Kafin magariba Nafisa ta buɗe ido ta ce, "Umma, me na haifa?"

Gubaira

Da aka sallamo mu na ce wa Auwalu ba zan iya barci da daɗi ba sai na je na ga mutanen nan da suka ba da jini a inda suke. Maritas ta yi wa Mahaman kwatance. Gubaira tsohuwar unguwa ce kusa da tsakiyar gari, gidajenta ƙanana, ko'ina garejin makanikai da masu walda. Da ba don rubutun Larabci ba sai in ce a wani lungun Sabon Garin Kano nake.

Shagonsu na gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne. Wanda ya yi min sallama a asibiti shi ne babba, sunansa Abdurrashid. Abokin aikinsa Rodel, Kirista ne, mai yawan dariya. Suka goge min kujera da tsumma, aka aiko da shayi mai madara. Na miƙa musu dambun naman da na zo da shi. Rodel ya ɗanɗana, ya ce wannan auduga ce ko nama, sannan ya ci gaba da ci bai jira amsa ba.

Na ce wa Abdurrashid ban san akwai Musulmi a ƙasarsu ba. Ya ce suna da yawa a kudu, a tsibirin Mindanawo, kuma kakanninsa sun yi ta zuwa hajji ta jirgin ruwa tun kafin a san za a zo nan neman aiki.

"Mahaifina yana cikin waɗanda suka zo da farko, lokacin da ake shimfiɗa manyan titunan nan," in ji shi. "Ya ce da suka zo, inda kuke zaune yanzu rairayi ne. Da kuɗin kwalta ya sa ni a makaranta. Ni kuma da kuɗin sanyi nake karantar da 'yata aikin jinya."

Na tambaye shi yadda aka yi suka zo da sauri haka. Ya ce suna da ƙungiya ta 'yan ƙasarsu mazauna wannan ɓangaren birnin, da makanikai da masu jinya da masu dafa abinci da injiniyoyi. In wani ya kwanta ciwo su duba shi, in ya samu matsala da kafili su raka shi ofishin jakadancinsu, in ya rasu su tsaya har a kai gawarsa gida. Ba da jini kuwa sun mai da shi al'ada, kuma ba sa tambayar ɗan wace ƙasa ne.

"Ƙasar nan ta ciyar da gidajenmu, Nanay," in ji Rodel da baki cike. "Abin da muke da shi da yawa shi ne jini."

Kafin mu tashi suka ce ƙungiyar za ta yi taron shekara na zumuncin ƙasarsu da Saudiyya, lallai in zo. Na ce sai in su ma za su zo suna.

Ranar suna

Yaro ya ci sunan Malam, Muhammadu Ɗahiru, ana kiransa Walid. An raɗa suna a masallacin unguwa, matan Hausawa na Suwaidi da Utaiƙa suka cika falon, 'ya'yansu na ta surutu da Larabci, in ka yi musu Hausa su amsa da ka. Abdurrashid da Rodel suka zauna wajen maza suka ci tuwon shinkafa da miyar kuka. Mahaman ya ce Rodel sai da ya nemi ƙari.

Maritas ta zo da yamma bayan ta tashi aiki. Na ɗan ji fargabar kada ta ga robar wankan da Mahaman ya koma ya sayo ta yi min faɗan asibiti, don likita ta ce a jinkirta ruwa mai zafi sosai, ni ma na san haka, da ɗumi-ɗumi muka fara. Sai ta tsaya a ƙofar banɗaki tana shaƙar ƙamshin magarya.

"Kakata ungozomar ƙauye ce," in ji ta. "Ganyen gwaiba take dafawa ta yi wa mai jego wanka, ta matse mata ciki, ta ɗaure da zane. Na ɗauka mu kaɗai ke yi."

Na zuba mata kunun kanwa. Ta kurɓa, ta ce yana da daɗi, amma a rage kanwar saboda jinin Nafisa. Na ce na riga na rage, da ta sha na gida da ta san bambanci. Yajin kuwa lakata ɗaya ta yi ta nemi ruwa, matan falo suka yi ta dariya, ita ma tana yi tana share hawaye.

Taron mutanen Filifin

Ran wata Juma'a bayan la'asar Mahaman ya kai mu, ni da Auwalu, wani gidan shaƙatawa da ake haya a bakin gari, irin wanda suke kira istiraha, mai katanga da fili da ciyawa. A ƙofa an kafa tutoci biyu, koriya ta Saudiyya da tasu mai rana a jiki. Samari na ƙwallon kwando a gefe guda. A kan dogayen tebura ga shinkafa, ga taliya siririya da kayan lambu, ga kaza da aka dafa da ruwan tsami da tafarnuwa. Maritas ta ja ni ta zaunar a layin gaba, ta cika min faranti kamar mai ramuwar kunun kanwa. 'Yan mata suka yi wata rawa ta tsallake gora biyu da ake bugawa a ƙasa, ina ta jiran a matse ƙafar wata, ba a matse ba.

Sai wani jami'i daga ofishin jakadancinsu ya tashi, mutum mai sanyin murya da farar riga shara-shara. Ya ce hulɗar ƙasashen biyu ta daɗe, shugabanni na ziyartar juna, mai na tafiya can, 'ya'yan itace na zuwa nan, alhazansu na zuwa kowace shekara. Amma ya ce duk wannan a takarda yake, su da ke zaune a wurin su ne hulɗar da ake gani da ido, a asibiti da gareji da ɗakin girki.

Bai zauna ba wata mata ta miƙe daga baya. Ta ce ƙanwarta 'yar aikin gida ce, an hana ta waya, wata biyu ba ta ji muryarta ba, shin wannan ma yana cikin zumuncin? Na zaci za a zaunar da ita. Jami'in bai ɓata rai ba. Ya ce abin da ta faɗa yana faruwa, kuma saboda irinsa ne aka taɓa dakatar da turo 'yan aikin gida har sai da gwamnatocin biyu suka zauna suka daidaita kan haƙƙoƙinsu. Ya ce abota ce ta sa ake iya faɗa wa juna irin wannan a zauna lafiya. Ya ce kada ta tafi sai ta gan shi. Da idona na ga sun keɓe a gefe bayan taro, kuma kafin in bar ƙasar Maritas ta gaya min 'yan'uwan sun yi magana ta waya.

Bayan jami'in aka ba wani tsohon Balarabe dama, ɗan kwangila da ya yi aiki da iyayensu. Ya tashi yana dogara sanda, Auwalu na fassara min. Ya ce shi bai san abin da manya suka sa wa hannu ba. Abin da ya sani, gidan da yake ciki 'yan Filifin ne suka ja masa wuta, kuma da mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya, wata 'yar Filifin ce take juya ta, take tsefe mata kai, har ta koyi kalmar shahada don ta riƙa tuna mata, alhali ita ba Musulma ba ce. Ya ce ya zo ne ya faɗi wannan kawai. Ya zauna.

Ina cikin share ido na ji an ce, "Nanay Rabi daga Nijeriya." Rodel ne ya shirya min wannan. Na tashi tsaye. Na ce ni ba 'yar Saudiyya ba ce, ba 'yar Filifin ba ce, a tsakiyar zumuncinsu na faɗo kamar wadda ta shiga gidan biki bisa kuskure aka ba ta abinci. Na ce ina da 'ya a Suwaidi tana shayar da ɗanta, kuma jinin da ke gudana a jikinta na Funtua ne da na Maraɗi da na Mindanawo. Daga nan na ce na gode. Suka yi ta tafi, aka kunna na'urar waƙa, Rodel ya karɓi makirfo, muryarsa kuwa sai haƙuri.

A mota Mahaman ya kama hanyar gida. Can ya ce, "Auwalu, mu nawa ne Hausawa cikin garin ga? Kullum muna haɗuwa wurin suna da jana'iza. Mi ya hana mu haɗu wurin ba da jini?" Juma'ar da ta biyo baya, da aka sauko daga masallaci, ya cika motar kamfani da 'yan Maraɗi da Damagaram da Kano da Sakkwato, Abdurrashid ya yi musu jagora zuwa wurin ɗiba. Mahaman ya ce wani ƙato mai ɗaukar buhun siminti ya ga allura ya ce shi alwala zai sake, sai da aka riƙo shi.

Komawa gida

Na zauna har aka yi arba'in. Nafisa ta murmure, ta yi kumatu, Walid ya fara bin fitila da ido. Ranar tafiyata muka biya ta asibiti na yi sallama da Maritas. Ta fito da kayan aiki, mintinta kaɗan ne, wata na naƙuda a ciki. Ta ba ni busasshen mangwaro na ƙasarsu, na ba ta turmin atamfa. Muka riƙe hannun juna, sai aka kira ta, ta juya da gudu-gudu. Na san wannan gudun.

Jakunkunan da suka je da gero suka dawo da dabino. Ta Adis Ababa muka sake biyowa, muka sauka Kano da rana, Sale na jirana. Muka yi la'asar a Gwarzo, muka shiga Funtua ana shirin magariba.

Bayan an yi sallah gida ya cika da 'yan barka da sannu da zuwa. Na ba su labari tun daga kasuwar Utaiƙa har ɗakin tiyata, abin da ban faɗa wa Malam duka a waya ba don kada hankalinsa ya tashi. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ce kowa ya ɗaga hannu. Ya gode wa Allah da Ya kai ni lafiya Ya dawo da ni lafiya, ya yi wa mai jego da takwaransa addu'a, ya yi wa Auwalu da Mahaman da Abdurrashid. Sai ya tsaya, hannunsa a sama.

"Hajiya, wa kika ce sunan matar nan?"

"Maritas."

"Shi kuma mai cin dambun?"

"Rodel."

Ya gwada a hankali, harshensa ya ƙi. Ya ce, "Allah, Ka san su, Ka fi mu sanin sunansu. Mairo Tasi da Ladan, mutanen Filifin. Yadda suka tsaya wa 'yarmu a inda ba ta da kowa, Ka tsaya wa nasu 'ya'yan a inda suka baro su. Ka mai da su gida lafiya."

Tsakar gidan gaba ɗaya aka ce amin.